Gwangwanina da Matar da Aka Cire

Ɗan kawuna ya ɓata mini suna a gaban jama'a, da rana tsaka, yana dariya, don kada a ɗauke masa injin bidiyo. Abin da ya yi mini ke nan. Na fara da shi ne don kada wani ya karanta rabin labarin ya ce ai wasan taubasai ne. Na san wasan taubasai. Tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa, wai shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, ni kuma ina ce masa mai kunnen faranti, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙara wurin manya. Wannan ba shi ba ne.

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato kowa a Ƙaura yana neman abin da zai buɗe, kamar an ce jihar za ta iso da masu saye cike da jirgin ƙasa. Shi ɗan kawun nawa gidan kallo ya buɗe a bayan tasha: rumfar kwano da aka kewaye da zana, bencuna, talabijin ɗaya a kan tebur, janareta a waje cikin rami don kada ƙararsa ta danne magana. Kaya nasa ne, ban taɓa musawa ba. Amma mutanen Ƙaura ba su jin Indiyanci, talabijin kuma ba ya jin Hausa, to ni ne nake zama a tsakani. Kujerata tana gefen tebur, ido ɗaya a hoto ɗaya a jama'a, ina faɗa musu abin da ake cewa.

Ko in ce abin da nake zaton ana cewa. A aji biyu na sakandare na tsaya. Turancin da ke gudu a ƙasan hoto, kafin in haɗa kalma uku ya wuce, wasu kaset ɗin ma ba su da rubutun sam. In uba yana faɗa da ɗansa sai in ce a kan gonar Banga ce, in tsohuwa tana kuka in ce akuyarta aka sace, kuma ba Ba'indiyen da ya taɓa fitowa daga akwatin ya ƙaryata ni. A hankali na bar bin rubutu na koma karanta fuska. Wannan kam na iya shi. Baki yana ƙarya da kowane yare, amma ido da hannu yarensu ɗaya daga Indiya har Kurya Madaro.

Abin da ya fitar da ni shi ne gwangwani. Na madara ne, na tsince shi wurin mai shayin tasha, na haɗa shi da ƙusa guda. Duk fim ɗin soyayya akwai wurin da so ke shiga, wuri ɗaya tak, kuma ba inda mutane ke zato ba ne. Su jira suke a fara waƙa. Waƙa kuwa shela ce, lokacin an riga an gama. So yana shiga ne tun can baya, inda ba kiɗa. Mutum yana zuba ruwa a kofi, kofin ya cika ya zube bai sani ba. Ko a tambaye shi wani abu ya amsa wani daban. Ko wani ya juya zai tafi, ɗayan ya bi bayansa da kallo, ya daɗe fiye da yadda ƙeya ta cancanta. In na ga wannan ba na cewa komai. Ƙusa nake ɗauka in buga gwangwani sau ɗaya. Ƙwal. Sai rumfa ta ɗauka da sowa.

Sau ɗaya a fim, ba na ƙarawa, kuma ban taɓa bugawa ƙarshen fim ya kunyata ni ba. Har ya zama rabin mutane ba hoto suke kallo ba, hannuna suke kallo. Direbobin Zurmi da Shinkafi sukan bar mota tana lodi su tsaya a baya, da sun ji ƙwal su fita. Akwai wani mahauci mai ƙaton ciki da ke zama a bencin gaba kullum yana ƙanshin kitse. Shi a ganinsa so yana shiga ne duk inda aka mari wani.

“Buga mana, mi kaka jira?”

“Sarkin fawa, wanga mari na, ba so ba.”

“Ni gidana da mari anka fara. Kuma ni anka mara.”

Da shari'a ta zo mun yi murna kamar kowa. Ni har muryata ta dushe da kabbara. Sai da na dawo gida na sha ruwa sannan na tuna da abin da nake ci da shi. Aka rufe silima, masu gidajen kallo kuma kowa ya shiga taitayinsa. Wasu suka koma ƙwallo zalla, wasu suka sayar da kaya. Dattawan unguwarmu ba su so su kashe mana abinci kai tsaye, sai suka ce a ci gaba amma da sharaɗi: ba rawa, ba mace kai buɗe, a tsaya in an kira salla, kuma duk sabon kaset sai wani malami da suka zaɓa ya zauna ya gani tare da jama'a. In ya ga ɓarna, a ɗauke inji. Malamin nan mutumin kirki ne, ɗan gidan alƙalai, mai magana a hankali, da tabarau mai kauri. Aibinsa ɗaya, bai taɓa kallon fim ba a rayuwarsa, kuma ina jin don haka aka zaɓe shi.

Taubashina ya samo dabara. Ya aro inji na biyu wurin wani mai gyaran rediyo a Shinkafi, ya haɗa su da waya. Ɗaya yana nunawa, ɗaya yana kwafa a sabon kaset, shi kuma yana tsugune da yatsa a kan maɓalli. Da an fara rawa ya danna ya tsayar da mai kwafa, da an gama ya sake shi. Da farko rawa kaɗai yake cirewa. Sai ka ga mutum biyu a tsakiyar kasuwa da rana, ƙiftawar ido suna kan dutse sun jiƙe sharkaf, ni kuma in ce, “Sun tai unguwa, ruwa ya kama su hanya.” Jama'a sun sani, ni na sani, malam kuma ya ce Allah ya tsare su da mura.

Sai ya kawo wani sabon kaset daga Gusau. Ya ce wannan karon zai yi aikin da malam zai sa masa albarka a gaban kowa, a daina yi masa kallon mai gidan ɓarna. Ya shige ɗaki kwana biyu da injunansa. Na ce ya bari in gani kafin a nuna, kamar yadda muka saba. Ya ce, “Ba ka buƙata, bawa. Bakinka ya iya ƙarya ko ba ka gani ba.” A riƙe wannan, don a kansa komai ya tsaya: ban san akwai mace a fim ɗin ba. Shi kuwa ba rawarta ya cire ba, ita ya cire ɗungurungum, duk inda ko gefen mayafinta ya leƙo.

Aka fara bayan azahar, rumfa cike, malam a kan kujera mai kushin kusa da ni, mahauci a bencinsa.

Maza biyu ne a fim ɗin. Ɗaya dogo ne mai shiru, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa, don haka mutanen Ƙaura suka ɗauke shi nasu nan take. Ɗaya gajere mai gashin baki, mai faɗa, yana da shagon yadi. Rubutu babu a ƙasa. Tun daga farko abu ya fara ɗaure mini kai. Aka nuna dogon a wannan gefe na dandamalin jirgi, iska tana kaɗa masa gashi, ya zuba ido, bakinsa a ɗan buɗe. Hoto ya yi tsalle. Sai ga mai gashin baki a wancan gefe, shi ma ya zuba ido, har ƙunshin yadin da ke hannunsa ya faɗi ƙasa bai duba ba. Tsakaninsu ba kowa. Na ce, “To, sun ga juna. Da alama sun taɓa sanin juna.” Me zan ce?

Aka ci gaba. Mai gashin baki ya zauna yana rubuta wasiƙa, ya yage, ya sake, ya yage, ya gama ya fesa mata turare. Tsalle. Ga dogo a bakin rijiya yana karanta wasiƙa, ya kai ƙarshe ya manna ta a ƙirji ya rufe ido. Na ce, “Wasiƙa ta iso lahiya.” Malam ya gyaɗa kai ya ce, “Kun ga zumunci. Mu nan wa ka rubuta ma ɗan'uwanai?”

Mai gashin baki ya zaɓi wani jan ƙyalle mai sheƙi daga shagonsa, ya naɗe shi a takarda kamar mai ɗaukar ƙwai. Tsalle. Dogo ya ji ciwo a hannu wurin aiki, ga jan ƙyallen nan ɗaure a hannun, yana ɗagawa yana sunsunawa. Nan na ji wani a baya ya yi tari irin wanda ba na mura ba. Mahauci ya juyo ya dube ni, ya dubi gwangwani, ya mai da kai. Ni kuwa na ɗora hannu a cinya na danne shi da ɗayan. Na ce wa kaina, kai, abokai ne, Indiyawa haka suke abota, da zafi.

Aka kira la'asar, aka tsayar, muka yi salla a gindin dogonyaro. Wurin alwala ba mai haɗa ido da wani. Malam kaɗai ke cikin walwala. Ya ce wa taubashina, “Wanga karo kam ka yi ƙoƙari. Tun da anka fara ban ga mace ko guda ba.” Taubashina ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, murmushi har kunne, kuma kunnen da ma akwai wuri. A nan ya kamata in farga, don Indiya ba ta yin fim ba mace. Amma hankalina yana can wurin mutanen nan biyu. Na ƙosa a koma in ga yadda za su ƙare.

Bayan salla aka zo wurin. Ɗaki ne ƙarami, dogo yana zaune a bakin gado, hannun dama a naɗe, na hagu yana rawa don zazzaɓi. Mai gashin baki ya shigo yana faɗa. Ban san me yake cewa ba, amma zagi ne, zagi ba ya ɓuya. Yana zagin yana haɗa shayi. Ya miƙa masa, ya ga ba zai iya riƙewa ba, ya janye, ya hura, ya ɗan kurɓa ya ji zafin, ya sake hurawa, sannan ya durƙusa ya kai masa kofin baki, ɗayan hannun a ƙarƙashin haɓarsa don kada ya zube a riga. Har lokacin bakinsa bai daina ba. Dogo bai sha ba. Ya tsaya yana kallonsa ta saman kofin. Sai zagin ya yanke a tsakiyar kalma. Ba kiɗa, ba komai, sai tururin shayi a tsakaninsu.

Ƙwal.

Wallahi ban yi shawara da hannuna ba. Shekaru na yi ina koya masa aikinsa, ya ga abin da ya sani, ya yi. Sai da na ji ƙarar sannan na ga ƙusa a yatsuna.

Ba a yi sowa ba. Rumfa ta yi tsit, janareta kaɗai ke magana daga raminsa. Wani direba a baya ya so ya yi dariya ya haɗiye ta, ta fito masa ta hanci. Malam ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

“Wagga ƙararrawa fa? Mi taka nuhi?”

Na tura ƙusa cikin aljihu. Mahauci ne ya taimake ni, irin taimakonsa.

“Allah gafarta malam, in ya buga, to an kamu.”

“An kamu da mi?”

“Da so, Allah gafarta malam.”

“To ai so don Allah abu na mai kyau.”

“I, to. Ba irin wanga ba. Irin wanda aka kai ma goro.”

Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya dubi talabijin. Fim kuwa bai tsaya ba, kuma tunda taubashina ya cire kusan duk abin da ya rage, sai ya yi tsalle ɗaya ya dira a ƙarshe kamar da gayya: rumfar biki, makaɗa, dogo da mai gashin baki kowa da sarƙar furanni a wuya, rungume da juna suna kuka. Amarya babu. Wani ya ce daga baya, a hankali, “Allah shi ba da zaman lahiya.”

Malam ya ce a kashe. Ya dubi taubashina ya ce, “Wane irin kaset na wanga kak kawo muna?”

A nan ne fa. Amsar gaskiya gajera ce: akwai mace, ni na cire ta, ga asalin kaset can a ɗaki. Da ya faɗi haka da an yi dariya an watse, ina jin har malam da ya dara, don ba mugu ba ne. Amma faɗin haka yana nufin ya yarda cewa aikin da ya kwana biyu yana taƙama da shi shi ya haifi abin, kuma a idonsa ya riga ya ga injinsa yana fita a kan wani. Sai na ga ya dube ni, ya yi murmushin nan nasa na wasa da na sani tun muna yara.

“Allah gafarta malam, kai da kanka ka gani, kuma kai kac ce zumunci na. Duk rumfar ga ba wanda yag ga wani abu sai mutum guda. Halan abin da ke ranai yag gani.” Ya zo ya dafa kafaɗata. “Bawana na, na san shi. Shekara nawa yanzu da matatai tat tahi? Kun ji ya nemi wata? Ni dai tambaya nika yi.”

Aka yi dariya, irin ta mutanen da aka sauke wa kaya. Kowa a rumfar nan ya ga abin da na gani tun daga jan ƙyalle, amma yanzu an samo musu wanda zai ɗauka shi kaɗai.

A lura da wayonsa. Bai faɗi kalmar ba. Ya san a lokacin wanda ya faɗe ta ba shaidu bulala tamanin ke jiransa. Tambaya ya yi, yana dariya, hannunsa a kafaɗata, kuma taubashi ne, wa zai kama taubashi da wasa? Matata kuwa ta tafi ne don ba su jituwa da uwata. Shi ya fi kowa sani, shi ya raka ni biko sau biyu.

Malam ya ce a bar maganar nan, bai halatta a zargi mutum ba shaida ba. Amma ya ce daga ranar a riƙa kallo ba mai fassara, kowa ya fahimci abin da Allah ya fahimtar da shi. Inji ya tsira. Ni aka ɗauke.

Ba a kai ni ko'ina ba, kuma ba wanda ya tare ni da magana. Da ma an yi, da na sami wanda zan amsa wa. Abin da aka yi ya fi haka ciwo. Duk mai shayi yana da gwangwanin madara da cokali. Washegari na zauna wurin mai shayin tasha, ya zuba mini, ya juya baya, ƙwal. Benci ya ƙyalƙyale. Direbobi suka ɗauki abin suka kai Shinkafi, suka kai Zurmi. Sai in sauka a tashar da ban san kowa ba, in ce a ba ni shayi, in ji ƙwal. Akwai wata bazawara a Zurmi da magana ta yi nisa tsakaninmu, ban gaya wa taubashina ba don na san bakinsa. Yayanta ya aiko cewa a dakata tukuna, suna bincike. Har yau suna binciken, ita kuwa ta haifi biyar a Birnin Tsaba. Na daina shan shayi a waje. Na koma sayar da tocila da batir a kan tebur, sana'ar da ba ta buƙatar baki.

Bayan kamar shekara guda, ranar kasuwar Shinkafi, na je sarin batir, na leƙa wurin mai gyaran rediyon nan mu gaisa. Ya ja ni can ƙuryar shago, bayan tulin matattun talabijin, ya ce, “Zo ka ga matarku.” Ashe da taubashina ya mai da injin aro, ya manta asalin kaset a ciki. Ya kunna.

Ga ta. Doguwa, mai kitso ɗaya har gadon baya, malamar asibiti. Ita ce tsaye a tsakiyar dandamalin jirgi su biyu suna kallo. Ita aka rubuta wa wasiƙa mai turare, wadda dogo ya manna a ƙirji kuwa wata ce daban, ita ta rubuto masa. Ita aka ba jan ƙyalle, ita ta ɗaure masa ciwo da shi. A ƙarshe ita ce amarya, mai gashin baki ya haƙura ya bar wa dogo. Na zauna a kan wata matacciyar rediyo ina dariya har hawaye, mai gyara yana roƙona in rage murya.

Amma ga abin da ban gaya wa mai gyara ba. Na jira fim ɗin ya zo wurin shayin nan. Na ce a raina yanzu za ta fito, tana tsaye a bakin ƙofa, ita dogo yake kallo ta saman kofi. Aka zo wurin. Babu ita. Ba a cire komai a nan ba, ko ƙiftawa. Su biyu ne a ɗakin, da kofi, da zagin da ya yanke. Na sa ya mayar baya na sake gani. Ban san abin da masu fim ɗin suka nufa ba, wataƙila su ma ba su sani ba, kuma ba ni aka ba alƙalancin mutanen Indiya ba. Abin da na sani shi ne duk kallon da suka yi wa matar nan, na dandamali da na biki, aiki ne, an ce su yi suka yi. Na kofin nan kuwa, da gwangwani yana hannuna da na sake bugawa.

Na dawo Ƙaura ina gaya wa mutane akwai mace. Suka ce to. Ba zan iya cewa ga inda na gani ba, don kada in jawo wa mai gyara abin da ya fi ƙarfinsa. Na sami taubashina a zaure na ce ya fito ya gyara abin da ya ɓata. Ya ce, “Haba bawa, har yanzu? Wasa na fa.” Mutane kuma sun fi son labarin da suke da shi, ya fi tafiya da shayi.

Shekaru suka wuce. Gidan kallo ya mutu da kansa. Taubashina ya koma sayen hatsi, ya yi ciki, ya tara gemu. Shekarar da ya sami kujerar Makka ya fara zagayen neman gafara gida-gida, kamar yadda ake yi. Ni bai zo gidana ba. Da hantsi ya same ni a teburina, kusa da mai shayin nan, da 'yan rakiya biyu, benci cike, har da mahauci, wanda ya tsufa cikin ya zube. Ina jin ya zaɓi wurin ne don ya san ba a hana maniyyaci gafara a gaban jama'a.

“Bawa, jibi za mu tashi. In akwai wani ɗan abu tsakaninmu, a yahe.”

“Wane ɗan abu?”

“Kai dai. Zaman tare.”

“A'a, ubangidana, faɗi sunanai. Ban iya yahe abin da ba shi da suna.”

Ya yi dariya ya dubi benci yana neman mai taya shi. Ba wanda ya taya. Na miƙa hannu na ɗauki gwangwanin mai shayi da cokalinsa na ajiye a kan teburina, tsakanin tocila da batir.

“Kai da za ka ɗakin Allah jibi, ba ka yin ƙarya yau. Fim ɗin nan, akwai mace ciki ko babu?”

Ya daɗe yana gyara hula. Ya ce, “Akwai.”

“Wa yac cire ta?”

“Kai, wanga tsohon zance...”

“Wa yac cire ta?”

“Ni.”

Mahauci ya ce, “Ashe.” Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Ni kuwa na miƙe tsaye, na dubi benci, na dube shi, na ce:

“To ku ji, tunda ku kunka sha shayi da sunana shekara da shekaru. Mutanen ga biyu suna zaune lahiya da mace tsakaninsu, wanga bawan Allah ya shiga ɗaki kwana biyu, ya kore ta, ya haɗa su. Shi na waliyyi. Malam ya sa albarka, ku kunka shaida, har da mai addu'ar zaman lahiya. Ni sanƙira kaɗai ni, na ga an ɗaura na yi shela, kuma ni kaɗai anka kora daga wurin biki. Ban janye bugun da niy yi ba, gwangwanina bai taɓa ƙarya ba. Kuskurena guda na, kuma ba cikin talabijin shike ba. Na iya gane so ga huskar Ba'indiyen da ban jin yarenai, amma kai da munka ci tuwo akushi guda, kana dahe da kafaɗata, ban gane babu shi ga taka ba. Gajeren nan yana zagin abokinai yana hura mai shayi. Kai kana man dariya kana ƙona ni. Tahi Makka, na yahe, don ban son sunana ya tai can cikin jakarka. Amma in ka dawo kada ka kawo man tsaraba, kuma kada ka sake ce man bawa. Ga gwangwani, ga cokali. Dube ni da kyau. In ka ga wurin bugawa tsakanina da kai, buga.”